Hular Arzika

Dare na uku ke nan muna kwana gindin bedi
a farfajiyar babban asibitin Tawa,
kowa da tabarmarsa, kowa da butarsa,
kowa da mai nishinsa a ciki.
Nawa ƙanena ne, Sa'adu.
Babur ya yar da shi a hanyar Ƙonni,
ƙafa ta ɓalle kamar karan dawa.

Arzika ne ya tono zancen.
Shekara shida ya yi yana kwaɓa siminti a Tamanrasat.
Ya ce, ran da bulo ya sauka a kaina
ɗinki tara suka yi mini,
ba wanda ya leƙa aljihuna,
ko sunan ubana sai da jini ya tsaya aka tambaya.
Ya ture hula, muka haska tabon da tocila.

Almu ya ja tsaki.
Shi ɗan Abijan ne, takalma yake sayarwa.
Ya ce, araha ba ta ado.
Na kai maiɗakina kilinik, haihuwa ta zo da gardama,
ban gama sallama ba likita ya iso da gudu.
Wanda ka biya shi ke duban idonka.
Na gwamnati jakin gari ne,
kowa ya hau, ba mai ba shi dusa.

Da me ka biya? in ji Arzika.
Na sai da rumfata.
To yanzu ina kake kasa takalman?
Almu ya kori sauro daga kunnensa,
ya daɗe yana korar sauron nan.

Tsoho Gado, da ya yi dako a Kumasi tun yana da haƙora,
ya ce can kati ne, ka zuba kaɗan kana lafiya,
ran da ka kwanta a ɗebo maka.
Rumbun tsimi ke nan, irin na kakanninmu.
Almu ya ce, Baba, rumbu na da kyau,
amma makullin yana wuyan wa?
Ɓera ba ya neman biza.

Wani yaro mai waya ya sa baki,
wai ya ji akwai ƙasar attajirai bayan teku
inda mutum kan faɗi a titi
yana roƙon kada a kira masa motar asibiti
don tsoron bashin da za ta bari a ƙofarsa.
Muka yi dariya. Yara da ƙarya.

Ni ban ce uffan ba.
Akwai takarda a aljihuna, gumi ya fara cin rubutunta:
safar hannu, auduga, allura, filasta,
jikka goma sha bakwai a farmasin ƙetaren titi.
Ginin na gwamnati ne, gadon na gwamnati,
abin da ya rage albasata ce,
wadda ko tona ta ban yi ba.

Wajen ƙarfe uku wata mata daga gefen Abalak
ta fito tana juya takarda, ta riƙe ta kai ƙasa.
Mijinta jini yake so, da ledar da za a zuba shi.
Arzika ya cire hular nan, tabo a waje,
ta zaga tabarma bakwai, ta dawo tana ƙara.
Gado ya kwance bakin zani, dala ashirin.
Na sa jikka guda daga kuɗin filasta.
Aka gwada mu mu huɗu,
na Almu kaɗai ya dace.

Ya fito da auduga a gwiwar hannu, yana layi.
Ya ce, kada wanda ya kafa hujja da wannan.
Arzika ya miƙa masa shayi, ya ce,
nawa ka caje ta?

Ladan ya kira assalatu.
Almu bai sauka daga maganarsa ba,
Arzika ma haka.
Na sake ƙirga abin da ke hannuna a bayan bedi.
Saura jikka uku,
farmasi kuma sai ƙarfe takwas.